Ranar da Ganga Ta Bi Na Baya

A gidanmu ni ce mai dama furar gayya. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne. Inna ce ta ce hannuna ba ya rowar nono, bakina kuma ba ya gajiya da surutu, to gara a tura ni gona in yi wa manoma, ita kunnenta ya huta. Saboda haka duk hutun lakol, wato makaranta, da na sauka daga mota a Agiye na hau amalanke zuwa ƙauyenmu, na san ƙwarya da ludayi suna jirana. A lokacin ina karatun zama malamar lakol a Maradi, amma a gida ba wanda wannan ya dama. Da damina kowa manomi ne.

Ga yadda gayya take a wurinmu. Samarin gari su haɗu su nome gonar mutum ɗaya a yini guda, gobe ko jibi su koma ta wani. Kowa ya kama layinsa na hatsi daga wannan bakin gona zuwa wancan. Mai gona ya kawo fura da tuwo da goro. Sannan ga ganga. Makaɗin garinmu tsoho ne, sa'an kakanmu, siriri kamar ƙotar hauya. Tun ina yarinya yake ce mini amaryarsa, ni kuma ina ce masa ba aure sai ya sake haƙora. Aikinsa shi ne ya bi wanda ke gaba. Duk saurayin da ya tsere wa 'yan'uwansa, ganga tana biye da shi, ana kiran ubansa da kakansa, mata suna guɗa. In ya kai bakin gona shi zai fara shan fura da babban ludayi, tun kafin mai gona. Wanda ya zo ƙarshe shi ma yana da rabonsa. Tsoho zai juyo da ganga ya yi masa zambo, a yi dariya, a miƙa masa ruwan da ya rage a gindin ƙwarya. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa ganin aibin abin.

Ƙanena, autan gidanmu, shi ne na ƙarshe kusan kullum. Ba rago ba ne, kada ma wani ya faɗi haka a gabana. Sanyin hannu ne da shi. In ya zo gindin hatsi sai ya aje hauya ya durƙusa ya tsige ciyawar da yatsu. In ya tono kwaɗo sai ya ɗauke shi ya aje gefe. Tsoho kuwa ya samu abin yi. Sai ya tsaya a kansa da ganga yana cewa ga mai gaisawa da ciyawa, sai ya tambaye ta kwanan gida da lafiyar yara kafin ya sare ta. Mutane su yi ta dariya har da riƙe ciki. Auta yakan yi ɗan murmushi, kansa a sunkuye, ya ci gaba da tsigar ciyawarsa.

Babanmu ba ya cikin masu dariya. Mahaifinsa daga ƙasar Katsina ya ƙetaro da hauya a kafaɗa, ya sari daji a nan, kuma har yau tsofaffi suna ba da labarin nomansa. Wai yana da maganin noma, wata laya da yake ɗaurawa a damtse, in ya shiga layi sai dai a hango ƙeyarsa. Ni ban ga layar ba, amma hauyarsa tana rataye a zaure, Baba yana shafa mata mai duk shekara. In an dawo daga gayya an yi wa Auta zambo, Baba ba ya faɗa. Sai dai ya ɗaga kai ya dubi hauyar nan, ya dubi Auta, ya ja tsaki a hankali. Ni da nake gefe ma sai in ji abin ya soke ni.

Daminar da Auta ya kai shekara sha shida ko sha bakwai, na dawo hutu na tarar gida ana wani irin murna. Ko kayana ban aje ba Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Ƙanenki ya tashi. Gobe ki gani da idonki." Washegari na ɗauki furata na aje ta ƙarƙashin aduwa, don gawo ba ya da ganye da damina balle ya yi inuwa. Aka jera, aka fara. Kafin in gama gyara zama, Auta ya yi wa kowa nisa. Hauya tana tashi tana sauka ba hutawa, tsoho yana binsa da ganga yana haki, rawaninsa ya kwance yana jan ƙasa. Mata suka ɗauki guɗa, ni ma na ɗauka, har muryata ta fi ta kowa. Daɗi ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da ya iso na cika babban ludayi na miƙa masa. Ya ɗan jiƙa leɓe ya mayar mini. Yaron da a da sai na ɓoye ƙwarya don kada ya lashe ta. Gumi yana zuba, idanunsa sun yi wani ƙyalli, yana ta sosa wuya da hanci. Na ce, "Auta, hurata ta yi tsami ne?" Ya daka mini tsawa, wai in ƙyale shi. Tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na yi sororo da ludayi a hannu.

A hanyar komawa na bi ta layinsa da ƙwarya a ka. Hatsi ne kwance nan da can, an sare shi tare da ciyawa. Da yamma na gaya wa Baba. Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, ke mi kika sani ga noma? In hatsi ya yi yawa ai rage shi akai. Jinin kakanku ne ya motsa, ki yi shiru da bakinki." A daminar nan Baba ya sauko da hauyar kaka ya danƙa wa Auta. Ranar kasuwar Gazawa ba rumfar da bai ba da labari ba. Inna kuwa turare take yi wa yaron safe da yamma saboda baki da ido. Duk gidan mun yarda gado ne ya taso, ba wanda tunaninsa ya je wani wuri.

Akwai waɗanda suka san gaskiya, su ne 'yan fada. Fada ita ce majalisar samarin unguwa, inda suke shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro kusa da injin niƙa, suna dafa shayi suna gardamar ƙwallo. Mu 'yan mata 'yan shayi muke ce musu, ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Shugabansu ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar fasinja a babur tsakanin garinmu da Agiye, yana da wani dogon tabo a ƙwauri. Su ne dai masu zuwa gayya, don haka su ne suka lura da abin da Auta ke jefawa a kofin shayi kafin a shiga gona. Daga baya na ji sun yi masa magana a ɓoye, ya rantse musu ya bari.

Ranar da abin ya faru muna gonar maƙwabcinmu, hantsi ya ɗaga. Auta yana gaba kamar kullum, ganga tana biye. Sai kawai ya tsaya, ya sandare, ya faɗi a kan layi. Jikinsa ya kama fizga, kumfa tana fita ta bakinsa. Tsoho ya ƙara ƙarfin kiɗa, don a zatonsa abin kaka ne ya hau kan yaron. Wata tsohuwa tana ihu kada kowa ya taɓa shi, a kawo baƙin zane a lulluɓe shi. Shugaban fada ne ya jefar da hauyarsa ya sheƙo a guje yana ce wa tsoho, "Baba, kashe gangar nan! Kashe ta!" Ya ture hauyar kaka daga kusa da kan Auta, ya juya shi ya kwantar da shi a gefe, ya jira har fizgar ta lafa. Sannan ya sa hannu a aljihun yaron ya zaro katin ƙwaya, saura biyu a ciki. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya ce, "Ga kakan nan da kuke hwaɗi. Tiramol ne."

Suka sa shi a tsakiya a kan babur, wani ya riƙe shi ta baya, suka nufi likita, wato asibiti. Ni na bi su a wani babur ko takalmi babu. Majo, wato babban ma'aikacin likitar, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce wannan karon Allah ya kiyaye. In yaron ya ci gaba, faɗuwa ta gaba tana iya zuwa a bakin rijiya ko a kan kaifin hauya, ko kuma ya faɗi bai tashi ba. Ya ce bari zai yi wuya, a riƙa kawo shi yana duba shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Da muka dawo gida muka tarar da Baba a zaure. Ya karɓi hauyar kaka ya mayar inda take. Da aka kawo tuwon dare ya ce a raba musu akushi, alhali tun Auta yana rarrafe tare suke ci. Inna ta roƙe shi, ya ce, "Ni ban da ɗa mashayi." Na san kunya ce ke cinsa, kunyar rumfunan Gazawa. Amma na ji haushinsa sosai, har na kwana biyu ina gaishe shi a tsaye.

Auta ya sha wuya. Zazzaɓi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci. Yana ƙarƙashin bargo yana rawar sanyi alhali mu muna fifita. 'Yan fada suka raba zama da shi a tsakaninsu. Wannan ya zo da safe, wancan da azahar, shugaban kuma ya kai shi wurin majo a babur ya dawo da shi. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, ya ce, "Yaya, ni dai so nike ganga ta bi ni ko sau ɗaya, Baba ya ji. Da ta bi ni kuma sai na kasa bari." Na ce to yanzu ai an wuce wurin. Ya girgiza kai. Ya ce, "In na koma gona ba ƙwaya, ni ne na baya. In tsohon nan ya sake tsayawa a kaina gaban Baba, wallahi komawa zan yi in sha. Na san kaina." Na fita bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska. Na gane cewa jikinsa zai warke, amma gayya tana nan tana jiransa.

Na kai maganar fada. Wannan ne karo na farko da na zauna a bakin tabarmarsu, suka ba ni kofin farko mai ɗaci don su ga ko zan yamutsa fuska. Da na faɗi abin da Auta ya ce, suka kama kallon juna. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗi, wannan ya taɓa sha ranar gayyar surukinsa, wancan yana sha har yanzu in aiki ya yi yawa. Shugaban ya nuna tabon ƙwaurinsa ya ce a hanyar Maradi ya same shi, yana kan babur idonsa biyu amma hankalinsa ba ya tare da shi. Wasu suka ce a kai mai tallar magani a keke, wanda ke sayar musu da ƙwayar, wurin jandarma. Shugaban ya ce a kai shi, amma ranar kasuwa mai zuwa wani zai zo da wani keken.

A cikinsu akwai wani saurayi Bafillace daga rugar da ke yamma da gari, ɗan matar da nake sayen nono wurinta. Ba ya yawan magana, don suna yi masa dariyar Hausarsa. Ranar ya ce, "Ni dai gangar nan ce ban gane ba. Mu in muna tahiya da bisashe, ido yana ga ta baya, mai ɗingishi. Ta gaba mi za a yi mata? Ta san hanya." Aka fara dariya, sai dariyar ta tsaya a rabi. Shugaban ya aje butar shayi ya ce, "Sake hwaɗi." Kafin a kira magariba sun yanke shawara. A gayyarsu ganga za ta koma bayan na ƙarshe, kuma ba zambo. Wanda ya riga ya gama ya juyo ya tari layin wanda ke baya. Shayi a dafa shi a gaban kowa, kuma kafin a shiga gona kowa ya zazzage aljihunsa, shugaba ne farko.

Saura tsoho. Suka ce ni zan shige gaba, tunda amarya ba abin da ba ta iya gaya wa ango. Muka same shi a ƙofar gida yana ɗaure fatar ganga. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Tun ubanninku ba su san ɗaurin wando ba nike bin na gaba. Na baya mi zan ce mishi? In yaba mishi da mi?" Na ce, "Ango, kai da bakinka bai taɓa rasa magana ba?" Bai yi dariya ba. Ya ce yara ba za su koya masa kiɗa ba. Shugaban ya durƙusa da ladabi ya ce, "To Baba, ka yi haƙuri, gayyarmu ba ganga."

Ban taɓa ganin gayya mara daɗi irin wadda ta biyo baya ba. Wani ya rataye salularsa, wato wayarsa, a reshe ya kunna waƙa, kafin hantsi caji ya ƙare. Ba ka jin komai sai ƙarar hauya da nishi. Samari suka kama gardama a kan wa ya shiga layin wa. Aikin da ake gamawa kafin azahar ya kai la'asar. Tsoho kuwa ya zo, ba wanda ya kira shi. Ya zauna kusa da ni a inuwa, ganga a cinya, yana kallonsu yana taɓe baki. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amarya, ina kiɗa yaron yana mutuwa. Ƙara mishi nike yi." Ya tambaye ni jikin Auta. Na ce jiki da sauƙi, amma bakinka yake tsoro fiye da mutuwa. Da zai tashi ya ce in gaya wa 'yan shayin nan su cire salularsu daga itace, abin kunya ne.

Muna da wata gona a gabas wadda muka sake shukawa bayan ruwa ya ɗauke, don haka nomanta na biyu ya zo a makare, lokacin kowa ya gama nasa. Baba bai kira gayya ba, ba ya son taro. 'Yan fada suka aiko mini in dama fura kawai. Da sassafe suka yi sallama a ƙofar gida da hauyoyinsu, suka ce wa Baba sun zo gayyar da ba a gayyace su ba. Ba yadda zai yi ya kore su. Muna shirin fita sai ga Auta ya fito daga ɗaki da tsohuwar hauyarsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Majo ya ce yana iya aiki in zai riƙa hutawa. Baba ya kalle shi ya kau da kai.

A bakin gona aka zazzage aljihu ana dariya. Goro, igiya, murfin kwalba, wani har da busasshiyar fara. Auta ya juya nasa biyu, ba komai. Aka jera. Tsoho ya zo ya wuce duk zaratan, ya tsaya a bayan Auta. Da aka fara sai ya ɗauko wani kiɗa mai nauyi, a hankali, wanda ba mu taɓa ji ba. Ina jin shi ma lalube yake yi. Na gaba suka riƙa waiwaye, sun rasa abin da ke korarsu. Wanda ya fara kaiwa bakin gona ya tsaya yana jiran guɗa, ba wadda ta yi. Ya sosa ƙeya, ya juya ya shiga layin na kusa da shi. Haka suka riƙa tarar juna har gona ta ƙare, saura layi ɗaya.

Auta ko rabi bai kai ba. Shugaban fada ya shiga layin daga ɗaya bakin zai taro shi. Auta ya miƙe, ya share gumi, ya ɗaga murya ya ce, "Ku hita mini layi." Shugaban ya tsaya ya dube shi, sannan ya saɓa hauyarsa ya fito.

Muka zauna muna kallo. Yana noma, yana durƙusawa gindin hatsi yana tsigar ciyawa da yatsu, kamar da. Sau da yawa ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Duk lokacin da ya zauna sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan. Tsoho ba ya tsayawa, sai dai ya rage kiɗan ya koma kamar bugun zuciya, har yaron ya tashi. Can sai muka ji ya buɗe baki. Maganar nan dai ce ta da, ga mai gaisawa da ciyawa, ga mai tambayar kwanan gida. Amma a kan wannan kiɗan ba wanda ya yi dariya. Ya ƙara da cewa ga wanda hatsi ba ya tsoron hauyarsa. Bai kira uba ba, bai kira kaka ba. Yaron kawai yake kira.

Rana ta take, aka kira azahar a gari. Samari yunwa ta ci su, sai zagaya ƙwaryata suke yi. Na dafe faifan da hannu ɗaya, na ɗaga ludayi da ɗayan, na ce duk wanda ya matso zai sha shi a ka. Shugaban ya ce ba mai sha sai layi ya ƙare. Fura tana can cikin zafi tana tsami, ina jin warinta ta ƙarƙashin faifai.

Da Auta ya sare ciyawar ƙarshe ya jingina da hauya yana numfashi, ganga ta yi shiru. Na duba ban ga Baba a inuwa ba. Ashe ya zagaya can farkon layin, yana tahowa a hankali, hannuwa a baya, yana duba gindin hatsi ɗaya bayan ɗaya. Muna kallonsa har ya iso. Ya miƙo hannu ya karɓi babban ludayi daga wurina. Na ɗauka shi zai sha, tunda gonarsa ce. Ya buɗe faifai, ya motsa furar har ƙasa, ya cika ludayin da mai kauri, ya miƙa wa Auta. Ya ce, "Ko ɗaya ba ka sare ba. Sha." Ludayin ya yi wa Auta nauyi har fura tana zuba a ƙasa. Sai Baba ya sa tafinsa a ƙarƙashin ludayin ya tallafa masa har ya shanye.

Auta ya goge baki ya dube ni ya ce, "Yaya, yau kam hurarki ta yi tsami." Na ce laifin wa? Baba ya yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Da dare akushi ɗaya Inna ta kai zaure.

Ba zan ce daga ranar ƙwaya ta bar garinmu ba. Mai keke yana zuwa har yanzu, kuma cikin 'yan fadar akwai wanda ya koma ruwa, muna ta fama da shi. Amma samarin ƙauyukan kusa sun zo sun ga gayyarmu, wasu sun ɗauka, wasu sun ce mu mahaukata ne. Waɗancan 'yan shayin yanzu magidanta ne, ƙannensu ne a kan tabarmar, kuma su ma sai an zazzage aljihu. Tsoho ya rasu bai sake haƙoran ba, Allah ya ji ƙansa. Jikansa ne ke riƙe da gangar, shi ko sanin bin na gaba bai yi ba. Hauyar kaka tana nan rataye a zaure, Auta bai taɓa neman a sauko masa da ita ba.

Ni ina koyarwa a wani gari wajen Gidan Rumji, amma duk hutun damina ina gida, kuma har yau ni ce mai dama furar gayya. Auta ya yi aure, yana da ɗiya, kuma shi ne na baya har gobe. Furata kullum sai ta yi tsami kafin a sha, an bar yi mini ƙorafi. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa ba sa kai shi gona, a amalanke ake kawo shi a zaunar da shi ƙarƙashin aduwa. Da ya zauna sai ya karɓe ludayin daga hannuna ya aje a cinyarsa. Ba mai taɓa shi sai Auta ya iso.